Shafi na Arba'in da Bakwai

Tun ƙarfe huɗu rana ta faɗi a Ely.
Ofishinmu ɗaki ɗaya ne, a saman shagon mai gyaran keke,
hita na tari, taga na zufa,
daga ni sai Doreen Fysh
sai takardar neman tallafi mai shafi tamanin da shida.

Kuɗin na nan, in ji su.
An yi alkawarinsu a babban taro, an tafa, an ɗauki hoto.
Rijiya dai ta bayar.
Guga muke nema, da igiyar da za ta kai.

Shafi na arba'in da bakwai yana tambaya:
da wane ma'auni za ku auna juriyar jama'a?
Na kira Baba Tanimu a bakin fadamar Nguru,
layi na tsinkewa kamar tsohon zare.
Ya ce, rubuta musu kacalla ta cinye hanyar jirgi.
Inda muke kama karfasa da tarwaɗa
jan-baki ne ke kwana yanzu,
gari na wayewa su sauka kan shinkafa.
Lauje ɗari biyu muke so, da kwalekwale uku,
da abin da samari za su ci
in sun fito daga ruwa iya wuya.

Na duba gurbin amsa.
Kalma hamsin aka yarje mini,
kuma babu inda ake rubuta lauje.

Doreen ta zuba shayi, ta turo mini biskit.
Shekararta saba'in da ɗaya.
Ubanta ya tsufa yana gadin injin da ke kwashe ruwa daga gonaki,
don a nan kogi ne a sama, gona a ƙasa.
Ta ce, da matakala ɗaya aka gina ƙofar gidanmu,
yau huɗu nake hawa da wannan gwiwar.
Gidan bai motsa ba. Ƙasar ce ke sauka.
Sannan ta ja kwamfutar gabanta:
kada ka ce lauje, ka ce kayan farfaɗo da muhalli.
Shekara talatin ina koyon yarensu,
har yau da ƙamus nake jin sa.

Suna son lissafin shekara uku da hatimin mai bincike.
Lissafinmu yana hannun Lantana,
cikin littafin 'yan firamare,
kowace naira da sunan wanda ya kawo ta,
har da ranar da aka ranta aka sayi fetur.
Ban san littafin da ya fi shi gaskiya ba,
amma ba shi da hatimi.
Sai mun bi ta hannun wata ƙungiya mai lasisi,
ita ta bi ta hannun wani masani,
kowace kwata ta sha rabonta
kafin ruwa ya ga gona.

Na ce, Doreen, me ya haɗa ki da wahalarmu?
Ta nuna hoton wani ɗan tsuntsu mai rawayan ciki a bango.
Da bazara a gonar maƙwabcina yake ƙwai, ta ce,
yanzu haka yana wajenku.
In fadamarku ta mutu, wa zai dawo mini?

Sha biyu saura minti takwas muka tura.
Amsa ta zo nan take, ba hannun mutum a ciki:
mun gode, za ku ji daga gare mu cikin wata tara.
Na ƙirga a yatsu.
Wata tara, ambaliya ta zo ta wuce ke nan.

Na biyo bakin kogin Ouse zuwa gida,
jiragen kwana a ɗaure, agwagi sun cusa kai cikin fiffike.
Waya ta yi motsi a aljihu.
Muryar Baba Tanimu ce, da iska a bayanta:
kada ka damu da mutanen naka.
Mun aro lauje goma sha ɗaya,
ɗaya ba ƙota.
Gobe da asuba za mu fara daga mashigar gabas.