Noti Goma Sha Shida

Ranar Talata Amaro ya tsallake shinge.
Ban ga hawansa ba, faɗuwar na ji,
tim! kamar buhun albasa daga kafaɗar ɗan dako.
Na iske shi zaune a ƙasa, leɓe a fashe,
yana dariya da jini a haƙoran gaba.
Wata ashirin da tara kacal a duniya,
har ya gano kejinsa ba shi da rufi.

Baltasar ya dawo daga tashar jiragen ruwa da asuba,
warin gishiri da baƙin mai a rigarsa.
Ya dubi leɓen, ya dubi gadon, ya ce, "To, shi ke nan."
A wurina ba shi ke nan ba.
Tsohona Eleodoro ne ya sassaƙa gadon nan
a kan wannan tudu na Valparaíso, kafin idonsa ya yi hazo.
Ni na fara gurgurar bakin katakon.
Ga sawun haƙorana, ga na Amaro a gefe,
mutum biyu sun sa hannu a takardar gādo.

Noti goma sha shida, na tara su a kofin shayi.
Na ƙarshen ya yi tsatsa, ya kafe, ya ƙi fita.
Na ce a raina, yauwa, ga ɗan'uwana.
Baltasar ya ɗiga masa mai, shi ma ya miƙa wuya.

Sabon gadon ƙasa-ƙasa ne, ba shinge ba kariya,
fetal kamar tekun da muke hange ta taga.
Muka shimfiɗa bargo mai hoton kifi,
muka zube matasai a ƙasa, ko zai gangaro.
Daren farko sau bakwai ya fito:
ƙishirwa, fitsari, wata na leƙensa,
zomonsa na tsumma na ciwon kunne.
An ce mai haƙuri kan dafa dutse.
Nawa dutsen ƙafa biyu gare shi,
ina juya baya ya fice daga tukunya.

Dare na huɗu ya yi barci.
Ni ce na kasa.
Baltasar na can yana ɗaga kwantena a bakin ruwa,
ni ina nan ina sauraron shiru.

Wajen ƙarfe uku ƙasa ta motsa,
yadda ta saba mana a garin nan, ba sallama.
Kofuna suka hau gulma a kan kanta,
karnuka suka ɗauka daga tudu har gangare.
Na zabura, hannuna ya riga ni
zuwa shingen da babu shi.
Kafin ƙafata ta lalubo takalmi
ga shi tsaye a bakin ƙofa, zomo a hammata,
gashi a hargitse, ido ɗaya bai gama buɗewa ba.
Ya ce, "Mama, gida na rawa. Kar ki yi kuka."
Ya kama ɗan yatsana da tafinsa mai ɗumi,
muka tsaya har fitilar sama ta bar lilo.
Sai ya sake ni. Ya juya, taf-taf-taf,
ya hau gadonsa ba wanda ya ɗora shi,
ya ja bargo, kifayen na kallon ƙasa.

Da safe Fresia ta hawo daga gidan ƙasa,
cikin wata takwas, tana haki a kowace matakala.
Ƙanenta ya ɗaure katakan, ya saɓa a kafaɗa.
Na juye mata kofin a tafin hannu.
Ta ƙirga, ta ce, "Sha biyar ne."
Na ce, "Ɗayan ya lalace, sai ki saya a kasuwa."

Yana aljihun rigata har yanzu,
ya fara ɓata mini yadin da tsatsa.