Rigar da Ba Kalmasa

Sheffield, hawa na huɗu, ɗakin gyaran littattafai.
Ruwa tun Litinin bai ɗauke ba.
Gabana ƙullun alkama, da matsefata, da tsohon kundi
wanda asu ya yi shekara ɗari uku yana kalaci da shi.
Ko baƙi ɗaya ban iya karantawa a ciki ba,
nawa dai ɗinke ɓaraka da liƙewa.

Duk Laraba Dattijo Gwak yakan zo
da lemarsa mai karyayyen haƙarƙari,
ya tsaya bayana yana huci kamar zugazugi.
"A hankali, Lantana, nan bayanin riga ne."
Na ce, wace riga?
Ya ce, ta makoki. Ya ja kujera, ya hau zayyanawa:

In uba ya faɗi, ɗa ya sa tufar rama mai kaushi,
a yanke ta, kada a yi mata kalmasa,
a bar zare yana zuba.
Ya riƙe sandar gora, don kuka da yunwa za su kayar da shi.
Kawu wata kaza, ɗan baffa wata kaza,
kowane zumu da ma'aunin hawayensa,
sai ka ce mai awo ya cika mudu yana shafewa.

Ya ce a Joson, ƙasar kakanninsa,
sarki ya taɓa rasuwa ya bar matar ubansa da rai.
Shekara guda za ta zauna, ko uku?
Shi ba ɗan fari ba, amma shi ya hau gado.
Malamai suka ja daga, tawada ta ƙare aka dama wata,
aka tuɓe wasu, aka kora wasu bayan duwatsu,
duk a kan makokin mace ɗaya
da ban ji an ce wani ya je tambayowa.

Na yi dariya. Bai taya ni ba.
"Ruwan da ba a haƙa wa hanya ba," in ji shi,
"katangar gida yake cinyewa."

Ban gaya masa ba.
Babana tela ne a Azare, Malam Ilu mai keke,
bai taɓa sallamar riga da bakin zare a waje ba.
Ya cika da hantsi, ina cikin bas, waya a jaka.
Kafin in sauka, kira tara.
Kafin in kira, an sallace shi.
Kafin azahar an kai shi.
Kwana uku na karɓi gaisuwa a kunne,
na huɗu na dawo na dama ƙullu.
Haka addini ya ce, ban ja ba, ba na ja.
Hannuna ne kawai ya rasa abin riƙewa.

Wata Larabar muka iso wani shafi.
Ya ce, da numfashi ya tsaya,
wani ya hau rufin ɗaki da rigar mamacin,
ya fuskanci arewa, ya kaɗa ta, ya kira sau uku:
dawo, dawo, dawo.
In shiru, sannan a soma kuka.
Na ce, an taɓa dawowa?
Ya ce, kundin bai faɗa ba.
Ya goge tabarau. "Shafi ɗari shida na rubuta a kan wannan.
Ranar da uwata ta tafi ina nan garin,
takardun jarrabawa nake dubawa."

Daren nan ban hau rufin kowa ba,
ban kira wanda Mai shi ya kira ba.
Alwala na yi, na karanta masa Ƙulhuwallahu.
Sai na jawo akwati daga ƙarƙashin gado,
na ɗauko rigar atamfar da ya ɗinka mini ta tafiya,
na bi kalmasar da babban yatsa,
ɗinki ƙanana, a jere, kamar haƙoran yaro.
Na sa matsefata na warware tsawon ɗan yatsa.

Da ita na je aiki, zare yana reto.
Dattijo Gwak ya duba, ya jingine lema,
ya haɗa hannaye, ya sunkuya,
ya jima bai ɗago ba.
Sannan ya ce, "Shafi na ashirin, Lantana.
Ƙullunki yana bushewa."