Kan Kifi

Asibitinmu jirgin ruwa ne.
Ranar Talata mukan ɗaure shi a gaɓar wani tsibirin yashi
a tsakiyar kogin Jamuna,
inda gida kan kwana a tudu, ya wayi gari a ruwa.

Na taho daga Dhaka da hoto a naɗe,
na manna shi jikin kwanon rumfa:
ƙwai biyu, kofin madara, cinyar kaza,
da tuffa mai sheƙi kamar an shafa mata mai.
Yara goma sha tara a kan tabarma,
ina nunawa da sanda, suna amsawa,
har wani ya ɗaga hannu:
"Wannan jan, a wace gona yake fitowa?"

Shipon ke nan, ɗan shekara shida.
Da rana ba mai kamo shi a gudu.
Magariba na yi sai ya kama gefen zanen kakarsa,
yana laluben ƙofa, yana karo da tukunya.
Dundumi.
Na matse masa magani a kan harshe,
na rubuta a kati: ƙwai kullum, madara safe da yamma.

Kakar, Sobura, ta juya katin sama, ta juya shi ƙasa.
Ba ta karatu, amma lissafi nata ne.
"Ubansa na tuƙa keken haya a Bogura, likita,
abin da yake aikowa ba ya ganin ƙarshen wata.
Kajinmu kuwa ambaliya ta yi gaba da su.
Ki rubuta abin da ke akwai."

Alƙalamina ya tsaya.
Shekarun da na yi ina karatu,
ba malamin da ya koya mini abin da ke akwai.

Ta ja ni bayan bukka.
Ga kabewa kwance a yashi kamar jarirai masu barci,
ga lalo ya kai gwiwa,
ga kwando cike da mola,
kifin da bai wuce tsawon yatsa ba.
"Uwata takan ce mai cin mola ba ya neman fitila.
To ga shi muna ci,
yaro kuma yana lalube."

Na tsuguna kusa da surukarta tana gyaran kifin.
Ɗaya bayan ɗaya tana fille kawunan,
tana wurga wa agwagi.
Na riƙe mata hannu.
"Abin da idon yaro yake nema
a idon kifin yake."

Sobura ta yi dariya har da riƙe ciki:
"Ashe shi ya sa agwagin nan ba sa ɓatan hanya!"

Na ce a sa cokalin mai a ganye da kabewa,
domin amfaninsu sai da mai yake shiga jiki.
Ta ce, "Yaro tofar da kan kifi zai yi, saboda ƙaya da ɗaci.
Amma bari ki gani."
Ta dafa, ta ɗora a dutsen niƙa
da albasa da ɗanyen barkono,
ta murje shi lukui, ta cuɗa da shinkafa.
Na ɗauko littafina.
Wannan karon ni ke rubuta abin da aka faɗa mini.

Talata ta zagayo, na juya bayan hoton nan,
na raba wa yara gawayi.
Suka zana kabewa, suka zana lalo,
wata ta zana agwagwa tana fushi.
Shipon ya zana kifi,
idon ya fi jikin girma.

Ban san rabon maganina a ciki ba,
ban san rabon dutsen niƙa ba,
kuma na daina ƙoƙarin rabawa.
Wata biyu bayan nan mun yi dare a tsibirin,
shi ya raka ni gaɓa, bai riƙe zanen kowa ba.
Ina laluben katakon hawa jirgi a cikin duhu
sai na ji muryarsa a gabana:
"Likita, ɗaga ƙafa, akwai igiya."