Ƙugiya

Daren Laraba a Jidda, bene na biyu,
saman shagon mai turare a Bab Makka.
Sunayen alhazai dubu huɗu na kwaso
daga tsohon rumbu, zan juye a sabo,
kamar mai sauya wa gero buhu.

Na'ura ta haɗiyi rabi, ta ƙware.
Jan rubutu: kuskure a layi na ɗari tara da sha bakwai.
Na bi layin da yatsa.
Sa'adatu ce.
Ɗan ɗigon nan na tsakiyar sunanta
na'ura ta ɗauka ƙarshen zance ne,
ta ja ƙofa, ta bar "adatu" a waje.

Na gyara, na sake zubawa. Duk suka shige.
Har na kai hannu ga shayin da ya huce
sai na ga Ɗayyabu ya koma ?ayyabu,
an zare wa Ruƙayya ƙugiyarta,
an dasa alamar tambaya a gurbin,
kamar mai tsaron ƙofa na cewa: ke wace ce?

Na zagi sabon rumbu. Ba shi da laifi.
Ni ne tun wajen kwasowa
na tace su da rariyar da ba ta san haruffanmu ba.

Allah ya sa ban goge tsohon ba.

Ana kiran asalatu na sake kwasowa.
Ban duba adadi ba,
Ɗayyabu na fara nema.
Ga shi nan, layi na sittin,
da lanƙwasarsa a ka, kamar hular da ya zo da ita daga Ɗanbatta.