Katantanwar Olango

Idan teku ya janye da asuba
kakata Pasing kan ɗauki bokiti da awartaki,
ni kuwa in bi sawunta cikin laka,
ba takalmi, ido a ƙasa.

Ranar da na fara ganin sa
yana kwance gefen murjani, rabinsa a rairayi.
Bai cika tafin hannuna ba.
Kai tsukakke, gindi faffaɗa, kamar mazurari,
jikinsa ruwan goro da fari,
zane cikin zane,
sai ka ce wata masaƙiya ce ta kwana a kansa.

Na miƙa hannu.
Dukan da kaka ta kai wa hannun nan,
har yau ina jin sa idan hadari ya haɗo.

Ta ce, wannan ba a gaisawa da shi.
Kakanki Isko ya tsinci irinsa,
ya jefa a aljihu, zai kawo mini tsaraba.
Ko cizon sauro bai kai ba, in ji shi.
Kafin kwalekwale ya taɓa gaɓa
leɓensa ya mutu, harshe ya yi nauyi,
numfashi ya riƙa fita bai son dawowa.

Ta sa awartaki ta juya shi.
Ga wani siririn hanci na leƙowa,
yana shinshinar ruwa a hankali.
Nan mashin yake, ta ce, da dafinsa.
Duk tafiyarsa ta dare ba ta wuce taku uku,
amma kifin da ke alfahari da gudu
a cikinsa yake kwana.

Na girma na ji a bakin matuƙan jirgi
cewa danginsa na nan har Bahar Maliya,
har gaɓar Zanzibar da tsibiran gabas,
ko'ina ruwa ke da ɗumi.
Bai taɓa sauri ba, kuma ya riga mu zuwa.

Yanzu ina da rumfa a Sebu.
Baƙi kan ɗauki busasshen ƙoƙonsa,
su kara a kunne, su taya.
Gidan wofi ne, na sani,
maigidan ya daɗe da tashi.
Duk da haka, idan zan naɗe wa mai saye,
awartakin kaka nake ɗaukowa.