Ƙofa Ta Kalli Yamma

Bara, ranar Laraba, saura kwana tara jarrabawa,
hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.
Kafin mu tattara takardu iska ta ɗage kwanon ajinmu,
ta naɗe shi kamar tabarma, ta yar bayan masallaci.
A ƙarƙashin teburi muka ƙare, ni da Cima,
muna salati, ruwa na bin ƙeyarmu.

Bana aka ce mu zana mafaka.
Mushe Lawali ya rubuta a allo:
ɗaki ɗaya, mutum ɗari shida,
zauren jarrabawa da rani,
wurin karatu in wuta ta ɗauke a unguwa,
wurin taro, wurin bikin yaye ɗalibai,
kuma kada kuɗin su wuce abin da babu.

Dare uku ina jan layi.
Na ba shi rufin kankare, mai nauyin da iska za ta ji kunya.
Na rage tsawon bango, don dogo iska ke fara gaisarwa.
Na murje kusurwoyi kamar duwatsun Birni
da suka ga damina dubu ba su gusa ba.
Ƙofa kuwa, babba, na sa ta gabas,
ta kalli titi, baƙi su yaba.

Baba Kyari mai gadi ya riƙe takardar a juye.
Ya ce shi bai san zane ba, in nuna masa da ƙafa.
Muka taka filin, ƙarangiya na kama mini zane.
Inda na ce nan ne ƙofa ya tsaya,
ya ɓare goro, ya daɗe bai ce komai ba.
"Ɗiyata, kin taɓa ganin akuya
ta fake a gabas da bango?"
Ya nuna wani ɗan kwari da ciyawa ta rufe.
"Nan ruwa ke bi zuwa tabki tun ba a yi jami'a ba.
Shi ba ya karanta takardar fili."

Na goge har takarda ta huje.
Ƙofa ta koma yamma, daɓe ya hau taki uku,
a gefe na bar gangara saboda keken Haru.
Indararo huɗu na haɗa bakinsu cikin rijiyar siminti,
don a Damagaram wanda ya bar ruwan sama ya wuce
zai saye shi a jarka da bazara, yana ciniki.

Lissafi ne ya hana ni barci.
Ɗari shida: ɗalibai, malamai, ma'aikata.
To, ina Inna Magaram mai ƙosai, da jikarta a goye?
Ina ƴan kabu-kabu da ke jiran mu a gindin bedi?
Bara su ma nan ruwan ya tarar da su,
sunansu ne dai ba ya cikin rajista.

Sai na kai fensir kan dandamalin manyan baƙi,
na yanke shi duka.
Mutum tamanin suka samu wurin tsayuwa,
kafaɗa da kafaɗa, in an yi haƙuri da juna.

Mushe ya ɗaga tabarau.
"Shugabanni fa, ina za su zauna ranar biki?"
Na ce a ƙasa, inda kowa yake.
Ya ba ni sha uku bisa ashirin.

Zanen na nan a naɗe, rataye da ƙusa a ɗakinmu.
Ba a aza bulo ko ɗaya ba.
Yau da la'asar gabas ta sake ɓata rai,
na leƙa ta taga:
awakin unguwa, bakwai har da ɗan bunsuru,
sun jeru a yamma da bangon ɗakin karatu,
suna tuƙa a natse,
kamar sun riga sun ga zanen.