Yatsu Biyu

A rumfar albasa ta bayan Aliero nake gadi,
ni da tocila da Ƙyale-su,
kare ja mai tabo a kunnen hagu.

Igiyar da na ɗaure shi ta bakin buhu ce,
shuɗiya, siririya, ba ta tsinkewa.
Na yi mata ƙullin zarge don ya fi sauri,
na maƙala ta a turke, taku uku daga darni,
na kishingiɗa a kan buhunan da ba a auna ba.

Ba haushi ne ya tashe ni ba.
Rashinsa ne.
Sai wani kartar farata a jikin kara,
kamar kaza na tono cikin duhu.

Gafiya ce ta gifta, ya bi ta ya tsallake darni,
igiya ta ƙare kafin ƙasa ta zo.
Na same shi a rataye ta ɗaya gefen,
ƙafafun baya na laluben abin takawa,
harshe ya fara yin kalar toka.
Duk yunƙurinsa ƙara wa zargen ƙarfi yake.

Farcena bai shiga ƙullin ba.
Lauje na rarumo.
Ya faɗi kamar jiƙaƙƙen tsumma,
na durƙusa ina kirga numfashin da bai zo ba,
har ya yi kakari, ya yi tari,
ya lashi wuyan hannun da ya ɗaure shi.

Ran kasuwa na je wurin Arzika baduku.
Bai yi mini faɗa ba, ya dai dubi shatin wuyan,
ya yanko fata mai faɗi, ya huda ta wuri biyar.
Ya ce, "Zarge na guga ne, ba na mai rai ba.
Sa yatsunka biyu tsakanin fata da wuya;
in ba su shiga ba, sassauta,
in hannu duka ya shige, reshe zai shige.
Kare na ƙiba, fata ba ta ƙiba,
kuma in ta sha ruwa ta bushe, matsewa take."

Na tuge turken, na kai shi tsakiyar fili,
nesa da darni, nesa da bakin rijiya.
In zan yi barci, kwance shi nake.

Muryarsa ba ta koma daidai ba har yau.
Yana haushi a dishe, kamar tsohon mai tallan goro,
yara na yi masa dariya.
Ni ba na yi.
Kowace asuba, kafin in ɗora ruwan shayi,
sai na kira shi, na auna yatsu biyu.